Hannun Usta Hilmi

A shekarar 1961 na fara sanin Hilmi mai aski, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, ranar wata Talata, da ƙarfe tara saura kwata. Na riƙe lokacin domin da ƙarfe goma aka ce in bayyana gaban kwamitin jam'iyya mai mulki, in yi bayanin abin da limaman mishan na nan garinmu Shkodra suka koya mini ina yaro. Na shiga shagonsa ne a gyara mini fuska.

Ya shafa kumfa, ya ɗaga aska, sai ya tsaya.

"Malam, jijiyar wuyanka tana tsalle kamar kifi a kwando. In na sa aska yanzu, gawa za su yi wa tambayoyi."

Na so in amsa, amma bakina ya bushe ƙayau. Ya goge kumfar, ya ɗauko wata 'yar na'urar lantarki da kawunsa ya kawo daga Italiya kafin yaƙin duniya, ya ɗaura ta a bayan hannunsa. Da ya kunna, yatsunsa suka kama karkarwa. Ya ɗora su a kumatuna, ya gangara ƙasan kunne, ya bi muƙamuƙi a hankali. Cikin minti huɗu na ji yawu ya taru a bakina, zuciyata ta rage gudu, kafaɗuna suka sauka. Na je gaban kwamiti da harshe mai motsi, na kuma kwana a gidana, ba a tsare ni ba.

Daga ranar, shekara talatin ban sake ba wani mai aski kaina ba. Na lura ba ya danna hannu, ba ya kuma wuce minti biyar. Yakan ce, "Ƙarfi tayar da jiki yake yi. Lallashinsa ake."

Wata rana wani likita da ke jiran layi ya yi mana bayani. Ya ce akwai jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba, kashi biyu: masu zaburar da jiki in an tsorata, da masu kwantar da shi su saki yawu. Karkarwa mai laushi a fuska, in ji shi, tana iya farkar da na biyun.

Hilmi ya ce, "Shekara shida a jami'a, likita? Da ka zo nan, da na gaya maka kafin kumfa ta bushe."

A 1994 matata Drane ta kwanta ciwo. Magungunan da aka ba ta suka busar mata da baki, har burodin da aka jiƙa a madara ba ya wucewa. Kullum ramewa take. Likita ya ce in ba ta fara ci ba cikin mako biyu, sai dai asibiti da roba ta hanci. Ita kuwa ta rantse ba za ta bar ɗakinta ba.

A lokacin Hilmi ya rufe shago, ya kusa tamanin. A garinmu kuwa mai aski ba ya taɓa fuskar mace, balle matar wani, shi ya sa ban roƙe shi ba. Wata rana da hantsi sai na ji ana jingina keke a ƙofa, sai ga Hilmi da na'urarsa.

Drane ta dube shi daga kan matashi, da ƙyar ta ce, "Usta, gemu aka ce maka na yi?"

"Akwai sili biyu, 'yar'uwa, amma ba su suka kawo ni ba. Malam, matsa. Latin ɗin da limaman mishan suka koya maka ba ya kawo yawu."

Na ce, "In maƙwabta suka ji fa?"

"Su zo su hau layi."

Kwana arba'in da ɗaya yana zuwa kafin abincin rana. Ranar da aka ɗauke wuta, sai ya miƙa hannunsa da tsufa ya sa wa rawa, ya ce wannan ba ya buƙatar lantarki. A kwana na shida ta haɗiye cokali uku na kindirmo. A na ashirin ta ci kifin tafki, har ta yi ƙorafin gishiri ya yi yawa. Ba a kai ta asibiti ba.

Da ya daina zuwa, na ce mata ban san abin da na yi wa mutumin nan ba har ya yi mana wannan.

"Ba kai ba ne," in ji ta. "Shekarar da ƙanensa ya tsallake iyaka ya gudu daga ƙasar, kowa ya guji gidansu don tsoron hukuma, har kai sai da ka koma zuwa shago ta ƙofar baya. A cikinta matarsa Fetije ta rasu, ba macen da ta yarda ta shiga. Ni na yi wa gawarta wanka. Na ce maka kasuwa na je."

Shekara ashirin da shida bayan rasuwar Fetije yana riƙe da fuskata a hannunsa duk mako, bai taɓa faɗa mini ba.