Kebul ɗin da Yaya Garba ya ja zuwa ɗakin Inna

A wannan watan Yaya Garba ya cika shekara biyu da rasuwa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma duk gidanmu na Maruta babu wanda ya kai ni yi masa tsiya a kan aikinsa na ƙarshe. Yau na zo in janye maganata a bainar jama'a, ko da yake ba ya nan balle ya yi min dariya.

A unguwarmu ba a samun sabis sai an hau tudu ana ɗaga waya sama. Da Yaya ya bar gyaran lantarki a Kano ya dawo gida, sai ya zo da farantin nan mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, ya kafa a kan rufi, ya haɗa da sola. Ba mu gama murna ba ya kashe waifai, wato intanet mai bin iska, ya ce a gidan nan ta kebul intanet za ta bi. Kwana uku yana haƙa a tsakar gida, yana zura kebul cikin bututun roba saboda ɓera da awaki. Muna jira ya raba ɗaki-ɗaki, sai ya huda bango ɗaya tak, na mahaifiyarmu Inna, ya fito da bakuna huɗu dab da gadonta. Kowanne ya sa masa ɗan abin da ake sokawa a gindin waya.

Na ce, "Yaya, mutane na yawo da intanet a aljihu, kai za ka ɗaure mu a turke?" Ya miƙo min filaya ya ce in zauna in koyi matse bakin kebul, zare takwas kowanne da launinsa da gurbinsa. Na koya ina gunaguni.

A lokacin Inna ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Muna sonta, Allah ya sani, amma son ya koma leƙe daga bakin ƙofa, a ce ya jiki a wuce. Daga ranar da kebul ya shiga, ɗakin bai ƙara zama wayam ba. Jikoki na duba sakamakon jarrabawa, surukai na kallon ɗinkin yayi, ƙanin babanmu na bin farashin riɗi. Duk wanda ya zauna kuwa, dole ya ga ruwanta ya ƙare, ko tana son a juya ta. Gyambon kwanciya da ya fara cin bayanta ya warke. Yaya bai taɓa yi wa kowa bayani ba, ni kuma sai da ya tafi na gane.

A daminar da ta wuce ɓera ya samu inda bututun ya tsage, ya datse kebul ɗin. Ina Birnin Kudu inda nake koyarwa, sai bayan kwana huɗu na samu zuwa. Na tarar da Inna ita kaɗai, fuska ga bango, kofinta a bushe. Na ji kunya, na ji haushinmu duka. 'Ya'yan yayyena suka ce ai da sauƙi, a kunna waifai kowa ya huta a ɗakinsa. Da Yaya na nan, na san ba zai yi faɗa ba. Zai dube su, ya dubi kofin, ya ɗauko filaya.

Ni ma ita na ɗauko. Ina jera zaren, Inna ta yi magana da muryarta da ba ta fita sosai. "Auta, na san ba wurina suke zuwa ba. Yayanki ma ya sani. Amma in sun zo ina jin motsin mutane." Har yau ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari.

Na matse, na soka, koren hasken na'urar intanet ya kama ƙiftawa. Kafin in naɗe kaya an yi sallama a bakin ƙofa.

Wata rana sabis zai wadata a Maruta, dabarar ta daina aiki, sai mu zauna da Inna don Allah ko mu ji kunya. Kafin nan muna cin albarkacin mutumin da ya san halinmu sarai, bai kuma tona mana asiri ba. Na gode, Yaya. Yadda ka ƙi barin Inna ita kaɗai, Allah kada ya bar ka kai kaɗai.