Kazar Da Baba Ya Zaɓa Wa Auta

Mahaifina kaji yake sayarwa, kuma ba na rage murya in zan faɗa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana wannan sana'a. Da keke ya fara, kwando a gaba kwando a baya, yana bin layi-layi, daga baya ya samu rumfa can ƙarshen kasuwa, inda motocin kaya suke juyawa. Da rumfar nan ya raine mu mu biyar. Kowa Baba Mai Kaji yake ce masa, har mahaifiyarmu in ya ɓata mata rai haka take kiransa.

Akwai halin da abokan sana'arsa suka daɗe suna yi masa dariya a kai. In kazar yanka ka zo saye, ba ruwansa, nuna ya kama maka. Amma ka kuskura ka ce kiwo za ka yi, to ka shiga uku da tambaya. Akwai yara a gidan? Su nawa? Ƙaraminsu ya fara tafiya? Na sha ganin ya hana mutum zakara ƙiri-ƙiri, mutumin ya tafi yana masifa, shi kuwa ya koma kan bencinsa ko a jikinsa.

Ban san amfanin wannan hali ba sai da abu ya zo kan 'yata. Auta tana da shekara uku zakaran maƙwabta ya tsallako katanga ya same ta a tsakar gida, ya kayar da ita, ya yage ta a ƙarƙashin ido. Ciwon mako guda ya warke, amma daga ranar yarinyar nan ba ta sake taka tsakar gida ba. Banɗaki ma sai an ɗauke ta an kai ta, ta runtse ido ta ƙanƙame wuyana. Yayyenta biyu suna ta guje-guje, ita tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki riƙe da labule tana kallonsu. Ko tattabara ce ta sauka sai ta ƙwalla ƙara. Wata biyu muna haka, abin yana cin raina ba kaɗan ba.

Maigidana malamin makaranta ne, komai sai ya karanta. Shi ya ce maganin abin a kawo kaji masu sanyin hali gidan, ta saba da su. Na ce masa a kai kasuwa, ba da 'yata ba. Da na ga ba wata dabara ta rage mini, na sauko. Ya kwashe kwanaki yana latsa waya, ya rubuto sunayen irin kaji a takarda, muka tafi wurin Baba.

Baba ya saurare shi har ya kai ƙarshe, ya ce wayar ba ta yi ƙarya ba. Fararen nan masu yawan ƙwai zuciyarsu a baki take, cokali ya faɗi sun tashi sama. Siraran masu dogayen ƙafa suna da wayo, amma ranar da suka ƙyanƙyashe ko babba ba sa ragawa. Manyan nan masu nauyi, masu gashi har ƙafa, su ne suka dace da yara, kamar yadda takardar ta ce.

"Amma Malam, ajinka ɗaya ne, yaran ciki halinsu ɗaya?" in ji shi.

Maigidana ya ninke takardarsa ya sa a aljihu.

Baba yana da irin manyan nan masu nauyi guda tara a keji bayan gidansa. Ya cire hula ya miƙa mini, ya tuɓe takalmi, ya shiga. Ni dai na zaci kamowa zai yi ya duba fiffike da ƙafa. Ina! Tsoho mai furfura sai ga shi ya durƙusa ya kama rarrafe a cikin kashin kaji. Ya ce kaza tana jin nauyin mai tsawo, in ta ga babba sai ta yi ladabin ƙarya. Ainihin halinta sai ga wanda idonsa ke daidai da nata.

Ya saki farantin ƙarfe a ƙasa, uku suka yi sama suna kyarkyara, ya ce waɗannan sun faɗi. Ya maƙale murya ya yi irin ihun yara, ya kai hannu ba zato, ya ja wannan a wutsiya, ya dangwali waccan a ka. Wadda ta tsaya sai ya ɗauke ta irin ɗaukar da shi kansa yake hana mutane: ya rungumo cikinta, ƙafafu suna lilo, ya matse. Sannan ya kai fuskarsa dab da bakinta ya tsaya. A nan wata kyakkyawa, wadda maigidana ya riga ya ƙyalla ido a kai, ta kai masa sara a kunci har jini ya fito. Na yi salati. Shi kuwa ya shafa wurin ya ce gara shi da a ce Auta ce.

Guda ɗaya ce ta haye, wata jibgegiya mai ruwan ƙasa, ba kyan gani, tana tafiya kamar mai ciwon baya. Maigidana ya so a haɗa mana uku da zakara. Baba ya ce ɗaya, zakara kuma kada ma a sake ambatarsa sai yarinya ta shiga makaranta.

Ya kafa mana doka: kada wanda ya ce wa Auta zo ki gani, ko taɓa ta ba ta cizo. Mutumin da ban taɓa ganin rumfarsa a rufe da safe ba, sai ga shi kullum da hantsi a gidana. Ya zauna a ƙasa tsakiyar gida, kaza a cinya, yana ba ta tsaba a tafin hannu yana yi mata hira, ko kallon ƙofar ɗakin ba ya yi. Kwana huɗu Auta tana leƙe ta bayan labule. Na fara cewa a raina tsohon nan wahalar da kansa kawai yake yi.

Rana ta biyar yayyenta suna makaranta, ina kicin ina wanke-wanke, na ji ya ce wash, ƙafarsa ta riƙe, ga sandarsa can jingine a bakin ɗaki. Na yunƙura zan fito, ya watso mini wani kallo, na koma na laɓe.

"Auta, taimaki kakanki da sandar nan."

Ta daɗe a tsaye. Sannan na ga ƙafa ɗaya ta sauko daga dokin ƙofa. Ta jawo sandar tana jan ta a ƙasa, tana tafe tana tsayawa, har ta iso. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce to ai hannunsa ɗaya ne ya rage, ko za ta riƙe masa wannan ya tashi? Ta dube shi, ta dubi kazar. Ta miƙa hannu biyu ta rungumo cikinta, ƙafafu suna lilo, ta matse. Kazar ta lumshe ido abinta.

Ina hawaye da kumfar sabulu a hannuna, ina jiran ya miƙe ya gama wasansa. Ya dogara sanda, ya yunƙura, ya koma. Ashe ba wasa ba ne, zaman ƙasa na kwana biyar ya kumbura masa gwiwa, bai gaya wa kowa ba. Da ƙyar na ɗaga shi na kai shi kan kujera. Ina yi masa faɗa ina shafa masa man zafi, shi kuwa hankalinsa ba ya kaina. Yana kallon jikarsa da ta kai kazar can gindin katanga tana nuna mata inda ake shan ruwa.