Keken da Ba Shi da Kariya

Akwai wata Asabar a Kuala Lumpur da ba za ta bar raina ba har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Na manta sunayen tituna, na manta ɗanɗanon abincinsu, amma ranar da muka fita sayen keke tana nan zaune daram.

Haihuwa ce ta kai ni ƙasar Malesiya. Matar ɗana ta sauka, ba ta da kowa a kusa, aka ɗora ni a jirgi na je yi mata wankan jego. Shi kuwa ɗan fari ne. Ba na kama sunansa, ba na zama in yi hira da shi ido cikin ido, haka aka raine mu. Gwamnati ce ta tura shi ƙaro karatu, kuɗin da ake aiko masa sai sun ga dama suke zuwa, kuma tun rasuwar mahaifinsa duk ƙanen da ke makaranta a gida a wuyansa yake.

Na same su a unguwar Danau Kota, can saman wani dogon bene. Na ga ya kumbura, ba irin ƙibar jin daɗi ba. Ido ja, magana kaɗan. Matar ce ta gaya mini a ɗakin girki cewa likita ya ce jininsa ya hau, ko dai ya riƙa motsa jiki ko ya jira abin da ya fi haka. Na ci gaba da tuƙa tuwona. Ciwon da ya ɗauke ubansa ke nan, yana tsakiyar alwala.

Abokan karatunsa 'yan ƙasar sukan hau keke ranar Asabar su shiga gonakin kwakwar manja, shi ma ya daɗe yana tara 'yan canji don ya bi su. Da aka yi arba'in, komawata gida ta matso, sai aka shirya fita ɗaya: a fara sayen kekensa, daga nan a kai ni kasuwar Masjid India in yi tsaraba. Kuɗin tsarabar suna cikin lalitata. Tun kafin in baro gida an gama rabon su da baki: wance mayafi, wance turare, wance yadi. Ku da kuka san gidajenmu kun san matar da ta hau jirgi ba ta dawowa hannu sake.

Muka tafi, muka tafi. Jirgin ƙasarsu mai bi ta sama, sannan ƙafa, sannan wata ƙafar. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufe shi a tukunya. Shago bayan shago, ya taɓa keke, ya juya 'yar takardar da ke rataye, ya sake ta a hankali, mu fita. Jaririya tana bayan uwarta tana ƙananan kuka. Ni kuwa gwiwoyina sun fara yi mini magana.

Bayan azahar muka faɗa wani ƙaramin shago na wani tsoho ɗan Sin, sanye da singileti. Ya saurari ɗana, ya hau kujera, ya sauko da wani keke daga bango ya hure masa ƙura. Kore ne shar mai hawa ido, na bara ne, wai ba wanda ya taya shi, shi ya sa zai yi ragi. Kan keken a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyinsa sirara masu ƙuraje, sirdi kamar tafin hannun yaro. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakina. An dai ce na tsere ne a cikin laka da tudu, kuma yana gudu a kwalta. Na ga hannun ɗana yana shafa ƙarfen nan, na ga fuskarsa ta saki.

Na juya wajen matar. "Tambayi mijinki, ina kariyar ɗora kaya?"

"Inna, irin wannan ba ya zuwa da kariya," in ji shi, yana kallon ƙasa.

"Ƙararrawa fa? Ba abin tare taɓo, ba abin jingina shi. An cire rabin keke an ninka kuɗi. Buhun shinkafa a ina zai zauna? Tukunyar gas fa? Yarinyar nan in ta isa makaranta?"

Tsohon bai ji Hausa ba, amma ya ji faɗa. Ya ce, "Boleh lah, Mama," wato zai yiwu a yarensu, ya ɗaga keken da hannu ɗaya ya saɓa a kafaɗa, ya yi ɗan sassarfa a cikin shagon. Wai in hanya ta ɓaci haka ake yi.

Na ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. A sayi keke, kuma a goya shi."

Ni keken da na sani na ubansa ne, baƙi mai nauyi. Ya ɗauki dawa, ya ɗauki akuya, ya ɗauke ni zuwa asibiti ina naƙudar wannan da ke tsaye gabana. A lungun shagon kuwa akwai irinsa, da kariya da komai, kuma kuɗin hannunsa sun isa har da saura. Wancan koren, ko da ragin, bai kai ba.

Ɗana ya jingine koren. Ya je ya kama kan baƙin ya ce a ba mu wannan.

Matar ta ce, "Baban Baby, na san ka. Na cefane zai koma, ba za ka bi kowa daji da shi ba."

Ya ɗan yi murmushi, irin wanda ba ya kaiwa ido. "Ai komai nawa na cefane ne. Na so dai in samu abu ɗaya da in na hau, ba kowa a bayana."

Ba da ni yake ba, da ita yake. Amma a ƙirjina ta sauka.

Na ce iska nake so, na fita na zauna a dakalin wani mai shayi. Na yafito matar, na kwance lalitar na tura mata ƙarƙashin mayafinta. "Ki cika masa. Ki ce naki ne."

"Inna, tsarabar fa?"

"Ƙafafuna sun ƙare. Ba zan iya wani Masjid India ba."

Ya san ba nata ba ne, ina za ta samu? Ya mayar da baƙin ya biya koren, ni kuwa ban dube shi ba. Mu muka bi jirgi, shi ya hau koren nan cikin yayyafi, ya riga mu isa gida.

Asabar ɗin ƙarshe kafin in taho, lif ɗin benen ya lalace. Ina zaune na ji ana haki a matakala. Na leƙa, sai ga shi, laka tun daga ƙafa har gira, keke a kafaɗa, yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya taɓu. Rabon da in ji wannan dariya tun ubansa na da rai. Na koma ciki da sauri kada ya gan ni.

Na sauka gida da akwati sakayau, sai 'yar alewa ta yara. An yi magana, an yi ta sosai. Wata 'yar'uwata ta daɗe ba ta taka gidana ba, har yau in zancen ya taso sai ta ce Malesiya ba a sayar da mayafi.

Shi kuwa yana nan, furfura ta fito masa, yana shan maganinsa, ya wuce shekarun da ubansa ya tsaya. Ban ce keke ne ya yi ba, Allah ne mai yi. Abin da dai na koya a shagon nan shi ne, ɗan da ba ya cewa ya gaji shi ake ta ƙara wa kaya, kuma uwarsa ma tana cikin masu ɗorawa ba ta sani ba. In Allah ya ba ku irinsa, ku bar masa abu ɗaya da ba shi da wurin ɗora kaya.