Muciyar Goggo Adda

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin Talata karyar Goggo, Baƙa, ta ƙi karɓar magani a hannuna. Na san lokacin don na rubuta shi. Washegarin jana'izar Goggo Adda ke nan, kwana biyar da yi wa karyar aikin cire mahaifa.

Ku da kuka san Goggo a Barade kun san shekara shida karyar nan tana gadin awakinta, amma hannunta bai taɓa jikinta ba. Tsohuwar muciya ta naɗe wa tsumma a kai. Kullum bayan la'asar sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta yi ta sosa wa karyar ƙarƙashin haɓa da muciyar tana mata Fulatanci. Mu kuwa Hausa take mana.

"Me ya sa, Goggo?"

"Ita tana jin magana. Ku ko da wane yare, ɗaya ne."

A asibitin dabbobi likita ya sa wa Baƙa kwalar roba mai faɗi don kada ta lashi ɗinkin. Goggo ta kalle ta sama da ƙasa.

"Karya na bayar, lasifika kuka dawo mini da ita."

Ta sa na cire, na zura wa karyar tsohuwar rigar atamfar Goggo. Mai tallan doya ya leƙo ya ce, "Sannu da hutawa, Hajiya."

Sai Goggo ta ɗauko maganin ciwon gwiwarta za ta ba karyar. Na karanta mata takardar likita: maganin mutane na iya kashe kare, sai ƙwayar da ya bayar, ɗaya a rana, a kwantar da ita wuri mai shiru, ba gudu ba tsalle.

"Shekara ashirin ina sha, ban mutu ba."

"Ke ba karya ba ce, Goggo."

"Allah ya shirye ki, 'yar boko."

Ta cusa ƙwayar likitan cikin loma, ta miƙa a bakin muciya. Baƙa ta haɗiye.

Bayan rasuwar, karyar ta daina ci. Jikinta na rawa, tana haki, tana yagar rigar don ta kai ga ɗinkin. Likita ya ce in ya buɗe, da wuya ta kai labari. Na gwada muciyar, Baƙa ta yi mini gurnani. Na jingine muciyar a bango.

Ranar Alhamis, huɗu da ashirin daidai, rawar jikin ta tsaya. Baƙa ta ɗaga haɓa tana fuskantar kujerar da ba kowa, idonta na lumshewa. Na ajiye loma a kan kujerar, ta cinye. Da na duba, muciyar na kwance a ƙasa. Na mayar da ita bango. Juma'a ma haka. Asabar ma haka. Duk suna cikin littafina.

Ranar cire zare likita ya ce ɗinkin ya kama lafiya lau. Ya tambayi wa ke lallashinta. Na sunkuyar da kai.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta yadda ta sanyaya wa dabbar da ba ta da bakin godiya.

Sai da na yi kwana biyu kafin na iya tambayar Inna, mahaifiyata, wa ke sauke muciyar. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ki daina jingine ta can nesa. Kin san gwiwarta. Ajiye mata kusa da kujera."