Dalanda Alluz, Mai Binciken Ƙarfe da Ƙwayoyin Cutar Huhu

Haihuwarta

An haifi Dakta Dalanda Alluz a shekarar 1953 a cikin tsohon birnin Safakis. Mahaifinta Munji mai matse man zaitun ne, mahaifiyarta Zubaida kuwa ungozoma ce wadda rabin unguwarsu a hannunta suka zo duniya.

Karatu da Aure

Bayan ta kammala makarantar 'yan mata ta garinsu, ta wuce Tunis, babban birnin ƙasarsu, a shekarar 1972, inda ta nazarci ilmin ƙwayoyin cuta har ta sami digirin digirgir. A shekarar 1980 aka ɗaura mata aure da Hamadi Siyala, dillalin kifi, mutum mai yawan barkwanci, wanda bai taɓa fahimtar aikinta ba, bai kuma taɓa fasa yin alfahari da shi ba.

Aikinta

Ta kama aiki a ɗakin gwaji na wani babban asibiti a garinsu. A can ta lura cewa marasa lafiyar da aka ɗora wa na'urar numfashi sukan kamu da wata ƙwayar cuta mai taurin kai, wadda takan manne wa huhu, ta lulluɓe kanta da yauƙi har magani ya kasa ratsawa. Da yake ƙwayar ba ta rayuwa sai da sinadarin ƙarfe, jiki kuma yakan ɓoye nasa idan cuta ta shigo, Dalanda ta yi zaton cewa in an hana ta ƙarfen, za ta saki huhun.

Shekaru masu yawa ta kwashe tana renon ƙwayoyin a kan tsokar huhu, wasu da ƙarfe, wasu babu. Sakamakon bai zo yadda ta so ba: wasu sun raunana, amma wasu da suka ji yunwa sai suka ƙara ƙanƙame huhun. A shekarar 2004 ta wallafa abin da ta gani, ba ragi ba ƙari, duk da cewa ya rushe zaton da ta gina rabin rayuwarta a kansa. Ba a ga damuwa a fuskarta ba. Ranar ma kifi ta dafa wa ɗalibanta da take horarwa a ɗakin gwajin.

Rashin Lafiyar Mijinta

A shekarar 2011 ciwon huhu ya kwantar da Hamadi, aka sa masa na'ura, ita wannan ƙwaya ta kama shi, ga kuma ƙarancin jini. Likitan da ke duba shi, Wasim, tsohon ɗalibinta, ya yi niyyar yi masa allurar sinadarin ƙarfe don ƙara masa jini.

"Ɗana, dakata tukuna," in ji ta. "Kada ka ciyar da baƙuwar kafin mai gida."

"Malama, jininsa fa ya yi ƙasa."

"Na gani. A fara korar ta, sannan ka ba shi har ya yi tsatsa."

Wasim ya auna maganar, ya jinkirta allurar. Da Hamadi ya farfaɗo ya ji labari, sai ya ce, "Wato shekara talatin kina ciyar da ƙwari ƙarfe, ni ɗan ƙarfen nawa ne kika ga ya yi yawa?"

"Sha miyarka, Alhaji," in ji ta.

Ƙarshen Rayuwarta

Ta yi ritaya a shekarar 2013, ta koma gidan gonarsu a bayan gari, tana shayar da itatuwan lemo, ɗalibai na kai mata ziyara duk Juma'a. Allah ya yi mata rasuwa a watan Sha'aban na shekarar 2021 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata salla bayan la'asar, aka binne ta kusa da iyayenta. Ta bar 'ya'ya uku: Naufal, Sirin da Anis, da jikoki bakwai, da mijinta Hamadi, wanda ya tsaya bakin kabarin yana gaya wa duk mai yi masa ta'aziyya cewa shekara goman nan da ya ƙara a duniya, bayan ikon Allah, ita ce sila.