Surukina Ɗan Kurket

Matata Baturiyar Ingila ce, a asibitin da muke aiki a New York muka haɗu. Da mahaifiyarta ta rasu, sai ta ɗauko mahaifinta ya dawo gidanmu a Tompkinsville. Dogon tsoho ne mai shiru, kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace. Baba nake ce masa, ina kuma jin nauyinsa kamar yadda ake jin nauyin suruki a Zariya. Muka yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wata Lahadi ni da Baba muna cikin bas, muka wuce wani fili, ya hango mutanen Jamaika da Pakistan cikin fararen kaya suna wasan kurket, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da katako. Ya dafa hannuna ya ce, "Mu sauka."

A kan benci ya ba ni labarinsa. Malamin makaranta ne a ƙuruciyarsa, sai an yi dogon hutu yake buga wa lardinsu wasa, ba a kan albashi ba, don sha'awa kawai. Jifar ƙwallo ce gwanintarsa, yana murza ta da yatsu ta faɗi ƙasa ta sauya hanya. Ana maganar saka shi cikin manyan 'yan wasa ya faɗi daga babur, kafaɗar ta karye. Bai sake jifa a gasa ba.

Muka mai da filin wurin zuwanmu duk Lahadi. Wata rana 'yan wasan suka ji tarihinsa, suka miƙa masa ƙwallo. Ya cire kwat ɗinsa ya ba ni, ya ɗan taka, ya jefa. Ƙwallon ko rabin hanya ba ta kai ba, ta gangara ta tsaya. Suka yi ta tafi.

Ya dawo yana haki, ya ce, "Ɗana, gaya musu su daina. Na san abin da na jefa."

Ban gaya musu ba. Na saka masa kwat ɗin, na ɓalla masa maɓallai.

Lahadin da ta biyo baya na shirya, ya ce in tafi ni kaɗai. Da sanyi ya shigo ciwon huhu ya kwantar da shi, ya cika a asibitinmu, matata na riƙe da kansa. Ni ina bakin ƙofa, kunyar suruki ta hana ni matsowa.