Hannun da Ke Cikin Littafin Auta

Tela ce, kuma kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shagonta ɗan tsukuku ne a ƙasan bene, keken ɗinki biyu da madubi mai tsaga. Da ciwon mantuwa ya kama mahaifinsu, ta rufe shagon, ta kai keke ɗaya ɗakinsa. Shekaru ta yi ƙafa na kan keke, kunne na wajen gado. Ita ce wanka, ita ce fo, ita ce wankin zanin gadon da ke jiƙewa kafin na jiya ya bushe.

Ƙaninta Auta malamin adabi ne a jami'a. Yakan leƙo ranar hutu, ya toge a bakin ƙofa da hankici a hanci, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya." Sannu dai ba ta wanke fo.

Bayan rasuwar tsohon, sai ga Auta da littafi a kan kwanakinsa na ƙarshe. Ya ce salon marubutan farkon ƙarnin da ya wuce ya bi: babu mai ba da labari, mai karatu yana zaune ne a cikin kan tsohon, jiya da yau a cakuɗe, jimla ta yi shafi ba aya.

Yaya ta karanta a shagon da ta sake buɗewa, tsakanin wannan ɗinki da wancan, tana neman kanta. Ta kuwa samu. Hannu ya ɗaga shi. Hannu ya goge masa baki. Hannu ya ja labule. Ba fuska, ba suna. Fitsarin da ya cinye mata fatar yatsu kuwa ya zama ruwan saman ƙuruciya, har da ƙamshi. Ta kife littafin a kan tsummoki.

Ranar ƙaddamarwa aka zaunar da ita a layin gaba. Wata ɗaliba ta miƙe ta tambaya, "Malam, hannun nan da ke ta dawowa, na wane ne?"

Auta ya gyara tabarau. "Ba na kowa ba ne. Alama ce ta mutuwa. Salon ne ya haifi jigon: tunda daga cikin kansa muke kallo, kowa ya shafe. Mutum shi kaɗai yake tafiya, bai san kowa ba."

Aka yi ta tafi. Yaya ta dubi hannuwanta a kan cinya, ga tabon allura, ga farcen da sabulu ya lalata. Wai ita ce mutuwa. Tir!

Da aka watse ya nufo ta da fara'a, baki har kunne.

"Yaya, kin ga yadda na raya Baba?"

"Na gani. Ka ce bai san kowa ba."

"Ai haka ciwon yake."

"Har ranar da ya cika, in na shigo sai ya ce, 'Uwata, kin zo?' Bai taɓa manta ni ba." Ta gyara mayafinta. "In ka tafi ne yake tambayata, wane ne mutumin nan mai toshe hanci?"

Ta ajiye littafin a kan kujerar da ta tashi, ta koma shago. Akwai rigar da ta yi alkawarin gamawa kafin la'asar.